Miyar Kukar da Ta Tsare Huseina

Da azahar kwanon tuwo ya dawo daga ɗakin Inna Uwa, ko rabi ba a ci ba. Huseina ta dube shi, idonta ya kawo ruwa.

Talatu maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga. "Amarya, yau kuma me ta ce?"

"Wai ba ta yi yauƙi ba."

"Kin sa ruwan kanwa? Kuma ki janye itace kafin ki kaɗa kukar, in ba haka ba ta yi gudaji."

"Duk na yi, Yaya Talatu! Jiya gishiri ne, shekaranjiya daddawa!"

Tun da mijinta Isyaku ya sami aikin akawu a Kano, har da kwatas, mahaifiyarsa Inna Uwa ta kafe: wadda ba ta iya miyar kuka ba, ba za ta bi mata yaro birni ta horar da shi da yunwa ba. Damina ta zo ta wuce, Huseina tana bakin murhu, akwatunanta a ɗaure.

Rannan Isyaku ya jingine babur ɗinsa basfa a fusace. "Manaja ya ce in ban tare ba, za a ba wani kwatas ɗin. Ki tashi mu tafi kawai!"

"Da fushin Inna? Ka ƙara haƙuri, don Allah."

Washegari Huseina ta bi kwanon da ruwan sha. Ta tsakanin asabari ta hango tsohuwar tana suɗe yatsa, tana share hawaye da gefen zani. Sannan Innar ta rufe kwanon, ta ture shi.

Da Talatu ta ji, sai ta riƙe baki. "Ashe! Ɗan fari ne fa. Ko sunansa ba ta faɗa, balle ta ce kada ya yi nisa. Sai miyarki ta kama."

Da la'asar Huseina ta durƙusa a ƙofar ɗakin. "Inna, an ce daddawar birni ba ta da ƙamshi. In kin yarda, duk Juma'a mu riƙa zuwa in karɓi taki, mu kwana nan Wudil."

Tsohuwar ta kau da fuska.

"Duk Juma'a?"

"In Allah Ya so, Inna."

"To, ki ce wa wancan ya nemo mota. Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan."

Da Huseina ta biye wa fushi, da ta sami Kano ta rasa uwa. 'Yan mata, ku riƙe wannan: sau da yawa faɗan babba kewa ce da kunya ta hana shi furtawa, kuma mai haƙuri ne kaɗai ke ganewa.