Hannun Jovsset

A can ƙarshen arewacin duniya, a watan da rana ba ta fitowa, ƙarfe biyu na rana duhu ya riga ya sauka a kan kwarin. Gutnel tana kicin tana yanka busasshen naman barewa, 'yarta Ravdna mai shekara goma sha huɗu tana zaune da littafin makaranta. Mijinta Jovsset ya dawo kenan, yana cire takalma a bakin ƙofa. Shekararsa tara yana aiki a tashar da ke bayan tsauni, inda aka kafa sandunan ƙarfe birjik a fili guda, suna harba igiyar rediyo mai ƙarfi sama don a ɗumama siririyar iskar da ke can ƙololuwa, masana su auna abin da zai biyo baya. Shi ba masani ba ne. Idan an ce kunna ya kunna, idan an ce kashe ya kashe.

Sai aka fara jifan gidan. Dutsen farko a kan rufi ya faɗo. Na biyu ya fasa taga ya faɗa tukunya. Gutnel ta kai hannu za ta cire shi, ta ƙwalla ƙara. Dutsen zafi jau, alhali a waje ƙanƙara ta kai ƙugu. Jovsset ya ɗauki tocila ya zagaya gidan. Babu sawun kowa.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu, Jovsset yana wurin aiki, Ravdna ta faɗi tana birgima, tana ihu tana cewa ana gasa ta. Uwar ta ɗaga rigarta, ta ga fatar bayan tana tashi bororo a kan idonta. Sai ihun ya tsaya cak, can kuma ya dawo. Gutnel ta riƙe 'yarta tana kallon agogon bango, har ta gane abin yana da lokacinsa.

Da ya dawo ta ce, "Minti goma tana ƙonewa, minti biyar tana hutawa. Daga sha ɗaya zuwa ɗaya da rabi."

Jovsset ya zauna a ƙasa. Tsarin aikinsa na ranar kenan, minti bai kuskure ba.

Washegari ya ce ba shi da lafiya, wani ya karɓi injin. Bai hana komai ba. Ana kunnawa Ravdna ta miƙe daga gado, ta wuce kicin, ta ɗauko wuƙar nama ta tsarge masa damtse har ƙashi. Da ƙyar shi da matarsa suka danne ta, suka ɗaure ta da igiyar kama barewa a jikin kujera. Ta ciji Gutnel a kunci, ta tofar da jinin tana dariya.

Gutnel ta tuƙa mota zuwa bakin teku ta ɗauko tsohuwa Magga, wadda ta yi gadon karatu a kan marasa lafiya daga kakanta. Magga ta shigo da tsohon littafi a hammata. Ta fara ɗora yatsa a kan raunin Jovsset ta yi raɗa, jinin da ke ratsa tsumma ya tsaya. Sannan ta ƙara itace a murhun ƙarfe, ta ja kujera gaban yarinyar, ta fara karatu a hankali.

Gidan ya yi tsit. Wayar Jovsset ta fara shuu ita kaɗai a aljihunsa.

"Ya ishe ki, tsohuwa," in ji bakin Ravdna, da wata murya ta babbar mace, a dishe.

"Wace ce ke?" in ji Magga.

"Kun san mu. Idan muka fito yawo da korayen fitilunmu a sararin sama da dare, ba ku kuke hana yaranku yin fito ba? Mun bar muku ƙasa, kuka bar mana sama. Yanzu ku ke hura mana wuta daga ƙasa. 'Yata tana wasa wutar ta same ta. Minti goma. Ta fara rarrafe za ta tsere, aka sake kunnawa." Idanun suka juya kan Jovsset. "Na biyo zafin har gindinsa, na ga hannun."

"Ban sani ba," in ji Jovsset. "An ce mana babu komai a can sai iska."

"'Yata fa, ya kuka bar ta? Zan tafi da taka 'yar," in ji muryar.

Magga ta buga littafin a gwiwa. "Ba za ki tafi da ita ba. Yarinyar ba ta kunna komai ba. Idan kika ƙi, zan karanta abin da zai kulle ki a jikin nan, ki ruɓe tare da ita a ƙasa, ba ki ƙara ganin sauran 'ya'yanki ba. Faɗi wani abin."

Igiyar ta yi ƙara, kujerar ta tsage.

"Hannun, a wuta," in ji muryar. "Minti goma."

"Minti ɗaya," in ji Magga. "Mu nama ne."

"Ni zan ƙirga."

Gutnel ta ce, "Jovsset, kada," amma ya riga ya tashi. Saman murhun ya yi ja. Ya dubi 'yarsa, ya danna tafin hannunsa na dama a kai.

Ƙauri ya cika ɗakin. Ya yi kuka irin na dabba, ya kama wuyan hannun da na hagu ya ƙara dannawa. Muryar tana ƙirgawa a natse, ba ta gaggawa. Da ta kai sittin, kan Ravdna ya faɗi a ƙirji, ƙofa ta buɗe da kanta, sanyi ya shigo.

"Baba?" in ji Ravdna da muryarta. "Me ke ƙonewa?"

Yatsun ba su ƙara miƙewa ba. A tasha ya ce tsautsayi ne, ya ajiye aiki. Ranar da ya je kwashe kayansa, ya tarar da matashin da aka ɗauka a madadinsa zaune a kujerarsa, yana murna. Matashin ya miƙo hannu, ya ga bandejin, ya janye.

"Kana da yara?" in ji Jovsset.

"'Yan mata biyu, tagwaye. Me ya sa?"

"Akwai abin da ya kamata ka gani kafin ka ƙara kunna injin nan," in ji Jovsset. Ya ajiye jakarsa, ya rufe ƙofar ɗakin, ya fara warware bandejin da haƙora.