Wayar da Ba Ta Yi Ƙara Ba

Da yamma mai kantin magani ya shigo ofishin 'yan sanda yana haki, hula a hannu. An fasa sitonsa da tsakar rana, ranar hutu, an kwashe magunguna a mota. Abin da ya fi ƙona masa rai, tsohuwar da ke maƙwabtaka da siton ta ga ɓarayin, ta buga wa ofishin waya, ba wanda ya ɗauka.

Sufeto bai daɗe da dawowa ba. Yini ya yi a gidan Inna, mahaifiyarsa, yana gyara mata ƙofa. Ko zama bai yi ba ya tafi wajen tsohuwar.

"Mama, kin tabbata lambarmu kika buga?"

"Ɗan nan, ga ta can manne a bango. Da kunnena na ji tana ta ƙara, har suka gama lodi suka kama gabansu."

Kofur ne a kan kantar ofis a lokacin. Sufeto ya tsare shi da ido.

"Wallahi yallaɓai ko fitsari ban fita ba. Wayar nan ba ta yi ƙara ba. Ta dai ce ƙil, kamar cokali ya taɓa kofi. Na ɗaga, shiru. Can an jima ta sake cewa ƙil."

"Ƙil? Duk tare maka faɗan da nake yi, yau da ƙil za ka sallame ni?"

Ya karɓe bel ɗinsa da hularsa, ya sa aka rufe shi. In ta tabbata da bakinsa aka yi, kora ce da gidan yari.

Washegari da hantsi Sufeto ya nufi ofishin waya, inda ƙaninsa Auta yake aiki. Shi ya riƙe Auta tun rasuwar mahaifinsu, shi ya yi ta sintiri har aka ɗauke shi aiki. Ɗakin sanyi ƙalau, katuna jere a cikin akwatunan ƙarfe, ƙananan fitilu suna ƙiftawa.

"Yaya, ai da ka aiko. Ga katinku nan, kowane layi da nasa. In an kira ku, shi ke tura wutar da ke kaɗa ƙararrawa. Lafiyarsa lau. Kofur ɗinka ne dai ya ci amanarka."

"Gwada min shi in gani."

 Auta ya ciro ɗan makullin da ke rataye a wuyansa, ya buɗe teburin gwaji, ya murɗa. Allurar mita ta motsa.

Sai rediyon da ke ƙugun Sufeto ya yi tsaki. Saje ne daga ofis.

"Yallaɓai, abin dariya. Wayar nan yanzu ta ce ƙil."

Auta ya kai hannu zai mayar da makullin. Sufeto ya riƙe masa hannu a hankali.

"Bar shi tukuna."

Ya ɗauki wayar da ke kan teburin, ya buga lambar ofishinsu. Ga ƙara nan a kunnensa, tana yi tana tsayawa, sak yadda tsohuwa ta faɗa.

"Saje, tana ƙara?"

"Ko tari ba ta yi ba, yallaɓai."

Sufeto ya ajiye kan wayar. Ya jawo kujera ya zauna.

"Auta, ni ba ilimin waya gare ni ba. Yi min bayani yadda zan gane."

Auta yana kallon ƙasa ya ce, in an sa layi a gwaji, katin yana raba shi da wutar ƙararrawa ya haɗa shi da mita. Ƙarar da mai kira yake ji kuwa, daga nan ɗakin ake ba shi ita, ba daga wayar da ya kira ba.

"Jiya da rana kana ina?"

"Ina kan turke a bayan kasuwa, ina ɗaurin waya."

"Wa ya buɗe teburin?"

"Wataƙila shugabanmu. Shi ma yana da makulli."

"Shugaban da muka je dubawa tare a asibiti, ƙafa a rataye?"

Sufeto ya ci gaba.

"Kai ka ce min ƙofar Inna ta karye, in je ranar hutu. Na je na tarar kusoshi ne aka zare. Har dariya na yi, na ce tsufa ne ya kama ƙofar."

Auta ya zame ya durƙusa. Ya ce wani direba ne abokinsa ya yi masa alkawarin babur. Sun ce ba wanda za a taɓa, makulli kawai zai murɗa, in sun gama ya mayar.

"Ba wanda za a taɓa," Sufeto ya maimaita. "Jiya a tabarmata ka zauna, hannunka a kwanona, na ce zan kai Kofur kotu. Me ka ce min?"

"Yaya, don Allah..."

"Cewa ka yi ya yi daidai."

Ankwa tana aljihunsa, amma hannunsa ya ƙi shiga. Ya kira Saje ya zo da mota. Da ake fita da Auta ya waiwayo, Sufeto kuwa yana kallon fitilun nan.

A ofis, da kansa ya buɗe wa Kofur, ya miƙa masa bel da hula da hannu biyu.

"Ka yafe ni."

"Haba yallaɓai, ya wuce."

Sai wayar kan kanta ta ɗauki ƙara, har kowa ya zabura. Kofur ya ɗaga, ya saurara, ya rufe bakinta da tafin hannu.

"Yallaɓai, Inna ce. Wai ta ajiye wa Auta abinci, ko ka gan shi?"

Sufeto ya daɗe yana kallon wayar. Sannan ya miƙa hannu.