Kili Ba Dokin Silima Ba Ne

A wani ƙauye kusa da Maƙarfi, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, akwai wani yaro ɗan aji huɗu. Ubansa manomin rake ne, yana yin mazarƙwaila.

Wansa Usmanu ya dawo gida bayan ya daɗe a Ikko. Zaman ƙauye ya ishe shi. Ran nan sai ya ja yaron zuwa Zariya, suka shiga silima, suka kalli fim ɗin Indiya.

Tun daga ranar bakin yaron bai huta ba.

"Inna, da kin ga jarumin! Daga kan bishiya ya diro bisa doki. Ko gezau!"

"To, sarkin labari," in ji Inna. "Tuwonka dai na hucewa."

Lokacin matsa ya zo, aka sare rake duka. Injin matsar kuwa, doki ne ke juya shi. Ana ɗaura wa dokin wani dogon itace, yana zagayawa, ƙarafa suna matse ruwan raken. Dokinsu ɗaya ne tak, tsoho, sunansa Kili. Aikin yaron shi ne jan linzami, Usmanu kuma yana cusa rake a bakin ƙarafan.

Baba ya ce, "Auta, a hankali ake jan sa. Hannun wanka yana bakin ƙarfe. Kuma raken da aka sare ba ya jira. In ya daɗe a ƙasa, tsami zai yi."

"To, Baba."

Da hantsi Baba ya tafi duba wutar kaskon da ake dafa ruwan rake. Yaron ya dubi Kili, ya dubi mangwaron da ke gefe. Sai ya saki linzami, ya hau reshe, ya jira dokin ya zagayo. Ya diro a bayansa, tim!

Kili ya firgita, ya zabura. Ƙarafa suka juya da gudu. Usmanu ya ƙwala ihu, ya fizge hannunsa, jini na zuba daga yatsa. Dokin ya yi tuntuɓe ya faɗi. Da ya tashi, ƙafar gaba ba ta takuwa.

Baba ya zo a guje. Ya ɗaure yatsan Usmanu, ya shafa ƙafar Kili. Bai daki yaron ba. Ya dai tsaya yana kallon tarin raken, ya ce, "Noman shekara guda ke nan a ƙasa."

Aka nemi aron doki, ba a samu ba. Kowa na tasa matsar. Gidan ya yi tsit. Ƙudaje suka fara bin raken. Yaron ya kasa cin abinci.

Kashegari yaron ya je wurin Usmanu a zaure, ya fashe da kuka.

"Yaya, ka yafe mini. A fim ba wanda ya ji ciwo."

"Ai dabara ce, ƙanena. An koya wa dokin, an shimfiɗa wa jarumin katifa. Ni ma da laifina, da ban faɗa maka ba." Sai ya ƙara da cewa, "A Ikko na ga wani fim na mutanen kudancin Indiya. Harshensu daban ne, Malayalam ake ce masa. Babu doki, babu faɗa. Barci na yi ta yi. Abin da na tuna kawai, masunta ne suna jan wani ƙaton jirgin ruwa zuwa tudu. Ɗaya na waƙa, saura na amsawa."

Yaron ya share hawaye. "Mutane ne suka ja shi? Da hannu?"

"Da hannu."

Yaron ya fita da gudu. Ya bi gida-gida yana kiran 'yan ajinsu, yana faɗin laifinsa da bakinsa. Suka zo, har da yayyensu. Suka dafa itacen injin, suna turawa, suna zagayawa. Usmanu na ba da waƙa, suna amsawa. In wasu sun gaji, wasu su karɓa.

Kafaɗar yaron ta saɓule, amma bai bari ba. Raken ƙasan tari ya riga ya yi tsami, aka zubar. Sauran kuwa ya tsira.

Da mazarƙwaila ta daskare, Baba ya raba wa yaran. Ya miƙa wa Auta tasa, ya ce, "Kai wa Kili ɓawon rake, ka ba shi haƙuri. Ya fara taka ƙafar."

Yaron ya yi dariya, karo na farko tun ranar.

Yara, ba duk abin da ido ya gani a silima ake kwaikwaya ba. Ku zaɓi mai amfani, ku bar wasa a lokacin aiki.