Jiƙaƙƙen Gawayi a Bayan Gidan Garzali

Ƙarfe goma na safiyar Juma'a aka ajiye wa Sufeto Shekari Zakaria takardar ƙara a kan teburinsa. Sufeton nan ma ba muƙaminsa ba ne a ofis, Hausawan Greensboro ta ƙasar Amurka ne suka laƙaba masa ya bi shi. Abokan aikinsa kuwa sun samu sauƙi, duk ƙarar da sunan mai ita ya gagari harshensu sai su tura masa.

An sace kwali a ƙofar wani gida a Pleasant Garden. Shi ke nan ƙarar.

Mai gidan, Garzali, ma'aikacin asibiti ne, amma da gashin nama aka fi saninsa. Sufeto ya same shi a bayan gida, tsaye gaban wani murhun tangaran mai kama da tulu, fuskar nan tamkar an yi masa rasuwa.

"Me ke cikin kwalin?"

"Faranti ne, yallaɓai. Na tangaran."

"A kan faranti ka kira hukuma?"

Garzali ya ɗaga murfin murhun. A ciki ga wani faffaɗan faranti ya rabe gida uku.

"Shi ke shiga tsakanin wuta da nama. In babu shi, waje ya ƙone ciki ɗanye. Ran Litinin na dawo aiki na tarar da wannan a fashe. Na yi odar sabo, jiya aka kawo, kafin in iso an ɗauke. Wani kuma sai bayan mako guda."

"To ka jira mana."

"Jibi ne bikin Afnan, 'yar Alhaji Abubakar Sadiq, ni ya ba gashin. Ya ce in mutane suka yaba, zai ba ni wuri a gaban shagonsa duk Asabar. Shekara uku ina neman wurin nan."

Sufeto ya duba gefen fashewar, babu alamar duka ko faɗuwa. Ya zaga bayan ɗakin ajiya, sai ga gawayi an shanya shi ɗaya bayan ɗaya a kan buhu. Ya ɗauki wani babba ya karya. Cikinsa da sauran danshi.

"Da ruwa kake kashe wuta?"

"Ni? Haba yallaɓai. Ƙofofin iska ake rufewa ta mutu da kanta. Ruwa a kan tangaran mai zafi ai fashewa zai yi."

"Shi ya sa ya fashe," in ji Sufeto.

Matar gidan, Salwa, tana kicin tana goge tukunyar da tuni ta bushe.

"Ni ce na zuba ruwan," ta faɗa tun kafin a tambaye ta. "Kaza na gasa wa yara, ban sani ba."

"Da me kika kunna murhun, Hajiya?"

"Na... murɗa makunnin."

"Ba shi da makunni."

Ta ci gaba da goge tukunyar.

"Waye ya san jiya za a kawo sabon?"

"Mu kaɗai."

Tana faɗi tana kallon wayarta da ke kan tebur. Wallahi Salwa ba ta iya ƙarya ba, ko yaron goye ba zai yarda ba. Sufeto bai matsa mata ba, ya yi godiya ya fita.

Gidan da ke tsallaken titi na wata dattijuwa ce mai kyamara a ƙofa. Ta nuna masa hoton jiya da rana. Wani mutum ya zo da ƙafa, ya ja hular rigar sanyi ya rufe fuska, hannunsa da safa. Ya ɗaga kwalin, ya ji nauyi, ya ajiye. Ya zaro tawul daga aljihu, ya naɗe shi gammo, ya ɗora kwalin a ka, ya tafi abinsa ko riƙewa bai yi ba.

Dattijuwar ta riƙe baki. Sufeto kuwa dariya ce ta kusa ƙwace masa. Mutum ya ɓoye fuska, ya ɓoye yatsu, ya manta a North Carolina babu mai ɗaukar kaya a ka sai ɗan gida.

Ya koma kicin ɗin Salwa.

"Hajiya, ƙarya ga hukuma laifi ce. Wa kike karewa?"

Hawaye suka zubo mata.

"Yaya Ma'aruf ya zo ran Litinin. Cewa ya yi ganin murhun kawai zai yi. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, yallaɓai, shi ya kawo ni ƙasar nan."

"Ke kika gaya masa ranar da za a kawo sabon?"

"Ya tambaya ne. Na ɗauka damuwa ya yi."

Babu Bahaushen Greensboro da bai san Malam Ma'aruf ba. Shekara goma sha bakwai duk suna, duk biki, duk Sallah, tsirensa ake ci. Shi kansa Sufeto ya sha tsayawa layi a gaban rabin duron da yake gashi a kai.

Da la'asar ya same shi a gidansa na East Greensboro, zaune kan bokiti yana fere tsinke. A gefen katanga ga gawayi a shanye kan buhu, ɗaya bayan ɗaya.

"A'a, Sufeto, yau ba ranar nama ba ce."

"Na sani, Malam. Jiya da rana kana ina?"

"Ina nan gida."

"Ka taɓa kunna murhun Garzali?"

"Wannan tukunyar Turawan?" Ya ja tsaki. "Me zan yi da ita? Gashi hannu ne. Yaron nan ko yanka bai iya ba lokacin da ya auri ƙanwata. Ni na koya masa haɗa yaji, ni na nuna masa yadda ake shafa ƙuli. Yau ya sayi tukunya, wai shi ne gwani."

"Alhaji ya saba ba ka gashin bukukuwansa?"

"Na 'ya'yansa huɗu ni na yi."

"Na Afnan fa?"

Wuƙar ta tsaya a hannun Ma'aruf.

"Salwa ta yi magana," in ji Sufeto. "Kyamara kuma ta ɗauki mai gammo. Za ka buɗe mini bayan motarka, ko in dawo da takardar kotu?"

Ma'aruf ya ajiye tsinken. Ya tashi ya buɗe motar. Kwalin na nan ƙarƙashin buhunan gawayi, ko yagewa ba a yi ba, da sunan Garzali da adireshinsa.

Ana haka motar Garzali ta tsaya a bakin titi, shi da Salwa suka fito.

"Fasa farantin farko ba da gangan ba ne," in ji Ma'aruf, bai kalli kowa ba. "So na yi in tabbatar tukunyar banza ce. Na gasa naman, na kashe wutar yadda na saba tun ina Tudun Wada. Sai na ji ƙas. Tsoro ya kama ni, daga baya na ji daɗi. Na ce Alhaji zai dawo wurina. Da na ji an yi odar wani, sai na kasa barci."

"Yaya," in ji Garzali, "da ka ce kana son bikin, ai da tare za mu yi."

"Tare? In riƙa miƙo maka tsinke ana kiran sunanka?"

Garzali ya juya wurin Sufeto.

"Yallaɓai, na janye ƙarar. A bar shi a cikin gida."

"Ta riga ta shiga fayil. Abin da kake so ka faɗa, ka faɗa wa mai gabatar da ƙara." Sufeto ya ɗauki hoton kwalin ta kowane gefe, ya miƙa wa Garzali takarda. "Sa hannu ka ɗauki farantinka."

Ya sa wa Ma'aruf ankwa ta gaba ba ta baya ba, don kunyar tsiren da ya ci a hannunsa. Salwa ta zauna a kan bokitin tana kuka.

A bakin mota Ma'aruf ya tsaya, ya waiwayo ya dubi surukinsa a karon farko.

"Ka san me na kasa yafe maka? Ran Litinin yajinka na gani a kicin na yi amfani da shi. Na ɗanɗana kafin ya taɓa wuta. Ba tukunyar ba ce, Garzali. Naka ya fi nawa."

Sufeto ya dafa kansa ya shigar da shi, ya rufe ƙofa. Garzali na tsaye rungume da kwalin har motar ta sha kwana, Salwa kuwa ta ƙi shiga motarsa.