Hannun Kujerar Mama

Da tsumma a hannu ya fara ganinta, tana goge tebur a falo, shi kuma kafinta ne da aka kira ya ɗaure ƙafafun kujerun da suka fara rawa. Ya ce mata ruwan ya yi yawa, katako ba kwano ba ne, ta matse tsumman. Auta ta galla masa harara, amma ta matse.

Aikin bai taka kara ya karya ba, sai ga kafinta yana ta samun dalilin dawowa. Ya laƙaba mata Mai Tsumma, ita kuma ta haddace ƙarar babur ɗinsa.

Akwai kujera ɗaya jikin taga da Baba ya ce kar a taɓa, ta marigayiya Mama. Hannun kujerar na dama ya ƙoɗe, ya yi duhu daidai inda Mama take ɗora tafinta. Auta ke goge ta kullum da safe, kuma kullum sai ta yi kuka a ɓoye. Da Baba ya yi tafiya, ta roƙi kafinta ya kankare wurin da sanfefa ya shafa mai. Ya tambaya ko Baba ya amince.

"Ya amince," ta ce, ba ta kalle shi ba.

Baba na dawowa ya ɗora hannu, ya ji sumul. Ya sa aka kira kafinta, ya wanke shi tas. Saurayin ya dubi Auta sau ɗaya, ya sunkuyar da kai ya ba da haƙuri. Ita kuwa tsoro ya sa ta bar shi da laifin.

Da kafinta ya turo manyansa neman auren Auta, Baba ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba ya jin hani ba. Gwaggon Auta ta samu ƙofa, ta fara yi wa Baba tallan ɗanta. Auta ta rame, kunya da nadama suna cin ta. Sai saƙon kafinta ya shigo:

"Mai Tsumma, ni na riƙe sanfefar, bar min laifin. Ki ci abinci don Allah."

Ta mayar masa: "Masoyi, ka daina yi min kirki haka, ciwo yake min."

Da safe ta durƙusa gaban Baba ta faɗa masa komai, har ƙaryar da ta yi.

"Na kasa ne, Baba. Kullum sai in ga kamar yanzu ta ɗauke hannunta."

 Baba ya ce shi tun rasuwar bai taɓa iya goge kujerar ba ko sau ɗaya.

"Aikin da na kasa na ɗora miki, Auta, ban taɓa tambayar yadda kike ji ba. Kira min yaron nan."

Baba da kansa ya ba kafinta haƙuri, saurayin ya rasa inda zai sa kansa don kunya. Gwaggo ta yi ɗan fushinta, ta huce kafin biki.

Ranar da za a kai amarya, Baba ya riƙe hannuwansu.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku tsawon zaman da za ku ƙoɗar da kujerunku tare."