Filon da Lamduan Ta Ɗauka

"Yatsa ɗaya kawai, Lamduan. Ni ban ce ki rungume shi ba."

Pranee ce ke magana, tana soka wa ƙanwarta farin fure a gashi. Lamduan ta kalli madubi, ta kau da kai.

"Yaya, zunubi ne fa..."

"To zauna nan da ladanki har furfura ta cim miki. Kwana bakwai ya rage. In ba ki motsa ba, kin yi asarar miji."

Dabarar Pranee ba ta da wuya. Thawin, saurayin Lamduan, yanzu sufi ne a gidan ibadar ƙauyensu, kuma a addininsu sufi ba ya taɓa mace. In jikinsa ya gogi nata da sha'awa a ransa, dole ya durƙusa gaban 'yan'uwansa ya faɗi laifinsa da bakinsa, a mayar da shi ƙarshen sahu. Kowa kuwa ya san kunyar Thawin. Da ya yi wannan zaman, gara ya tuɓe mayafin sufaye ya dawo gida.

Wata uku da suka wuce aka aske masa kai, aka zagaya ɗakin ibada da shi sau uku ana kiɗa. Lamduan ce ta ɗauki filonsa a cikin ayarin, kuma a ƙauyensu budurwa ba ta ɗaukar filon saurayi sai in ita zai aura. Da hannunta ta ɗinka shi. Alkawarin mai sauƙi ne: zaman damina ɗaya a gidan sufaye domin ladan ya je ga mahaifiyarsa, sai biki bayan girbin shinkafa. Yanzu kuma magana ta karaɗe gari, wai ya ce wa babban sufi bai ji ransa yana son fita ba.

Ta ɗauki kwandon shinkafa mai danƙo, da gasasshen kifi, da kwaɗon ɗanyar gwanda irin wanda yake so, ta kama hanya tun rana ba ta take ba.

A bakin matakala ta ci karo da Inna Thongbai, mahaifiyarsa. Tsohuwar ta dubi furen, ta dubi jan bakin, ba ta ko dubi kwandon ba.

"Wannan kwalliyar duk ta kifin ce?"

"Sadaka na kawo, Inna."

"Ɗa ɗaya gare ni, 'yata. Gefen mayafinsa nake fatan in kama ranar da zan bar duniya, ladansa ya kai ni aljanna. Kada ki ja mini shi ƙasa."

Lamduan ta sunkuya ta wuce. Ita ma ai shi ɗaya gare ta.

Yana zaune a kan dandamali a buɗaɗɗen zaure, babban sufi can gefe yana gyangyaɗi. Ya rame. Kafaɗarsa ta dama a waje take, kafaɗar da ta sha jingina da ita a bayan babur in za su kasuwa. Wani abu ya tsirga mata tun daga wuya har cikinta, ta ji kunyar kanta a gaban gunkin da ke bayansa. Son shi take, kuma ba irin son da ake wa waliyyi ba.

Ta durƙusa, ta kai goshi ƙasa sau uku.

"Luang Pi," in ji ta, kamar yadda kowa ke kiran matashin sufi. Da can Yaya Win take ce masa.

"Yom, kin zo lafiya?"

Yom. Haka yake kiran mai sayar da gawayi ma, da duk wanda ba ya cikin mayafi.

Ya shimfiɗa ɗan ƙyallen karɓar sadaka a gabansa, ya riƙe bakinsa ɗaya, don kada abu ya fito daga hannun mace zuwa nasa kai tsaye. Ta ɗora kwandon. Maimakon ta janye, sai ta bar hannunta ya bi ƙyallen a hankali... a hankali... har tsakanin yatsanta da nasa bai fi faɗin ƙwayar shinkafa ba.

A nan ta tsayar da hannun.

Shi ma bai janye nasa ba. Idonsa na ƙasa, zufa ta tsattsafo masa a goshi.

"Yom," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "in kika taɓa ni, ba zan iya ce musu ban so ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"To me ya riƙe ka a nan?"

"Filonki... tun kwana na uku ban sake ɗora kaina a kai ba. Ƙamshin man gashinki yake yi. A kan hannuna nake kwana." Ya ƙara sunkuyar da kai. "Na ɗauka wata uku wasa ne. Sai na tarar da wata natsuwa da ban taɓa sani ba, kuma ke ba ki fita daga raina ba. Kullum su biyun nake kwana da su, kowanne na ja."

"Wanne ya fi ƙarfi?"

"Yau? Ke."

Hawaye ya cika mata ido. Ashe Pranee ta yi gaskiya, yatsa ɗaya ya isa. Sai dai ta hango shi bayan shekara goma, zaune a ƙofar gidansu da asuba yana bin ayarin sufaye da kallo, ya san ba da ƙafarsa ya fito ba. Wannan mijin ba ta son sa.

Ta janye hannunta. Ta zare furen daga gashinta ta dunƙule shi a tafi.

"Ran da zaman ya ƙare, washegari zan fito da shinkafa bakin hanya," ta ce. "In na gan ka a sahun sufaye masu karɓar sadaka, na ji amsata. Ba sai ka aiko kowa ba."

Da ta koma gida Pranee ta yi ta faɗa, har da cewa ba ta san ciwon kanta ba.

Ranar ta zo da ɗan yayyafi. Ta durƙusa a kan tabarma a bakin hanya, kwando a cinya. Sufaye shida ne a gidan, da shi. Suka ɓullo daga bayan itatuwan kwakwa ba takalmi, ta shiga ƙirga su tana roƙon su tsaya a biyar.

Ɗaya... uku... biyar.

Na shida ya biyo baya, kansa sabon aski.

Ta gutsuro shinkafa ta sa wa kowanne a kwanonsa. Da ya iso gabanta ya buɗe murfin, ta sa masa tasa, ta kula sosai kada yatsanta ya taɓa ko bakin kwanon. Suka jera suka yi mata addu'ar albarka. Muryarsa ce kaɗai ta karye a tsakiya, ya kuma ɗauko ta ya ƙarasa.

Bayan sun wuce ta ga Inna Thongbai tsaye a bayanta, rungume da filon.

"Ya ce in kawo miki," in ji tsohuwar, idonta jawur. "Ki yafe mana, 'yata."

Lamduan ta karɓa da hannu biyu. Sabo fil yake, ko lotsawa bai yi ba. Ta rungume shi a ƙirji kamar ranar farko, ta bi hanyar da ayarin ya bi da ita wata uku da suka wuce, wannan karon ba kiɗa, fuskarta na kallon gida.