Rigar da Larai Ta Ƙarasa

"Miƙo rigar nan!"

Larai ta ɗago daga durƙuson addu'a. Mama Saratu ce, uwar mijinta, tsaye a bakin ɗakin hayarsu da ke bayan Ƙofar Doka, ko sallama babu. A bayanta ga Yaya Yakubu, wan mijin, yana latsa waya.

"Mama, sannu da zu—"

"Riƙe sannunki, mai farar ƙafa! Wata huɗu da kawo ki ɗana ya bi hanyar Libiya, shekara shida ko gawarsa ban gani ba. Kullum addu'a, kullum addu'a — me ta kawo?"

Babbar riga ce da mijinta Dogara ya soma yi wa aikin hannu, ya tafi ya bar ta rabi. Shi bahago ne, don haka duk zanen da ya ɗora sai ya ɗan karkata. Kullum da safe Larai takan ɗinka kaɗan, tana bin karkatar nan tasa, tana cewa, "Ya Ubangiji, cikin sunan Yesu, ka dawo mini da mai rigar." Jiya ta ƙarasa.

"Madam, ki farka," in ji Yakubu. "Har a coci dariya ake miki."

Ya fizgi rigar, ta riƙe gam. Mama ta kwaɗa mata mari, allurar da ke maƙale a rigar ta shige mata tafin hannu.

"Kafin Lahadi ki kwashe komatsanki ki koma ƙauyenku. Marainiyar banza, da ma ban so aurenki ba!"

Suka fice da rigar. Larai ta ɗaure hannun da gefen zane, ta koma ta durƙusa. Cikin kuka ta ce, "Uba, sun ɗauke rigar. Kai ba su ɗauke ka ba."

Ranar Asabar da hantsi tana ƙulle tukwanenta aka yi sallama da wata murya da ta sa ludayi ya faɗi daga hannunta. Wani ramamme ne, furfura a gemu, rigar a kafaɗarsa.

"Dogara?!"

"Larai... ashe ba ki yi aure ba?"

Ta zauna a ƙasa. Shi ma ya zauna gabanta, yana hawaye.

"Shekara huɗu ina kurkuku. Da na fito lambarki ta ɓace mini, na kira Yaya. Ya ce kin auri wani kun koma Jos. Shi ya sa na ƙi dawowa. Makon jiya na ce musu zan zo ganin Mama."

Larai ta dafe ƙirji. Ashe shi ya sa ake gaggawar korarta!

"Na biya Ƙofar Kibo gai da maigidana Alhaji Abdulwahab, wanda ya koya mini ɗinki. Ashe shi Yaya ya sayar wa rigar. Alhaji yana ganina ya shimfiɗa ta ya ce, 'Kai bahago, wannan karkatar taka ce. Amma dubi sauran — hannun dama ne ya tilasta wa kansa bin hannunka. Matar da ta yi wannan ba ta tafi ko'ina ba.'"

Sai ga Mama da Yakubu, sun zo karɓar makulli. Suka daskare.

"Ɗana, ai don amfaninka—"

"Mama, kin binne ni da raina, kin binne matata." Ya zura rigar. "Gobe da ita zan shiga coci, Larai a gefena. In Fasto ya tambayi inda na daɗe, Yaya, kai za ka amsa."

Yakubu ya sunkuyar da kai. Larai ta goge ido, ta ɗebo ruwa da hannun nan mai ciwo, ta durƙusa ta miƙa wa Mama. Tsohuwar ta karɓi kofin, ta kasa kallonta.

'Yan'uwa, kada jinkiri ya sa ku daina roƙo. Ubangiji yana ji, kuma yakan amsa ta inda ba a zata ba. Hannun da ya ƙwace rigar Larai, shi ya kai ta inda mai ita zai gan ta.